Rasuwar Ta-Jidda, Bidiyon Malam Ɗahiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba, Malam Ɗahiru Mada, mai sayar da hatsi a Gusau, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta bidiyo mai amfani da kaset, wadda aka fi sani da Ta-Jidda. Ba tsufa ya kashe ta ba. Kashe ta aka yi.

Marigayiya ta zo gidan nan cikin kayan tsarabar Hajji, tun Ɗahiru bai yi furfura ba. Ba ta taɓa cinye kaset ɗin kowa ba. In ta haɗiye sai ka ji "kirrr, ƙwas," in tana mayar da zare baya ta ce "zuuu," shi ke nan maganarta. Shi ma ya riƙe ta da amana. Teburinta daban, da tazara tsakaninta da bango don ta sha iska. Ko hula ba a ɗora mata. Wuta ba ta shigarta sai ta sitabilaiza, kuma da hadari ya taso ake zare ta daga soket.

Ajalinta ya zo daga Tsafe a kan babur, sunansa Isah, ƙanin Uwani matar gidan, mutumin da ko fitila bai taɓa gyarawa ba amma yake son a ce masa injiniya. Ranar Ɗahiru yana kasuwa. Isah ya cire sitabilaiza don ya yi cajin wayarsa, ya jona baiwar Allah kai tsaye da janareta, ya naɗe darduma ya ɗora mata a ka, ya toshe ƙofofin numfashinta. Ta yi zafi, ta riƙe kaset ɗin da ya saka yana kallo. Mai hankali sai ya kashe ya jira mai gida. Isah ya zura mata cokali. Da ta ƙi, ya tsiyaya mata man gyaɗa a baki, wai don kaset ya sulɓe. Ta ce "ƙyat, ƙyat," ta yi hayaƙi, ta cika.

Ta bar talabijin, da rimot wanda ya zama maraya, da kwali guda na kaset da ba mai buɗe musu baki. Ta kuma tafi da kaset ɗaya a cikinta, na bikin sunan Khalid ɗan Ɗahiru. A ciki ne Inna Tambaya, mahaifiyar Ɗahiru, Allah Ya jiƙanta, take dariya tana yi wa jariri kirari. Duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage.

Masu zuwa gaisuwa su bar "ƙaddara ce" a ƙofar gida. Ɗahiru ya yarda da ƙaddara, amma ya ga kwalbar man, ya kuma san hannun da ya riƙe ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan Azahar. Isah ne zai ɗauki gawa a ka, a ƙasa, ta tsakiyar kasuwa, har shagon mai gyara, inda za a buɗe cikinta a gabansa. In kaset ya fito da rai, an yarda ya riƙa tsayawa a zaure in ya zo gaida yayarsa. In zare ya tsinke, Uwani ta riƙa zuwa Tsafe ganin ƙaninta, Ɗahiru zai biya kuɗin mota.