Yadda Za Ka Ƙara wa Kwamfutar Surukinka Faifai na Biyu

Tun ranar da ka bari dangin matarka suka fara kiranka Injiniya, alhali caja da murfin waya kake sayarwa, ka san wannan rana tana tafe. Yau surukinka ya sayo sabon faifan ajiya. So yake a haɗa shi da tsohon su zama tagwaye, duk abin da ke cikin wannan ya kasance cikin wancan. A tsohon ne bidiyon matarsa marigayiya yake, tana masa faɗa saboda ya bar ƙofa a buɗe, kuma kullum da safe sai ya kunna. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari faifan biyu za su zama iri ɗaya sak.

1. Shiga da kwarjini
Ɗauki sukundireba, ka tsaya gaban akwatin kwamfutar kana girgiza kai. Ka ce, "Baba, wa ya taɓa buɗe wannan?" Ba wanda ya taɓa. Amma daga yanzu akwai wanda za a ɗora wa laifi.

2. Buɗe ka hura
Hura ƙurar da ƙarfi har ka yi tari. Da tari ake gane gwani.

3. Soka wayoyin
Kowane faifai yana da siririyar waya da ke zuwa jerin ramukan da ke jikin babban allon ciki, kowane rami da lambarsa, kuma da lambar na'ura ke sanin wanda za ta jera a sama. Cire ta tsohon faifan don hannunka ya samu wuri, ka soka sabuwar, ka mayar da tsohuwar duk inda ta shiga. Kada ka duba lamba, aikin 'yan koyo ne.

4. Zaɓi babba
Kunna, ka yi ta danna maɓalli har shuɗin allo ya bayyana. Zaɓi tsarin tagwaye. Na'ura za ta tambaye ka wanne za a kwafa a kan wanne. Sunansu ɗaya, girmansu ɗaya, don Baba ya je kanti ne da kwalin tsohon, ya ce a ba shi irinsa. Matarka za ta leƙo ta ce, "Anya kuwa? Ko in kira mai gyara?" Harare ta, ka zaɓi na sama a kwafa shi, shi ne dai tsohon. Ai babba ne ke zama a sama.

5. Jan rubutu
Gargaɗi zai fito da jan rubutu. Baba zai ce, "Injiniya, me take cewa?" Ka ce, "Gaisuwa ce, Baba." Danna amincewa.

6. Jira
Yayin da ake kwafa, Baba zai ba ka labarin yadda aka sace wayar da ya ɗauki bidiyon da ita, a tsohon faifan nan kaɗai muryar marigayiyar ta rage. Gyaɗa kai, ka share zufa. Da an gama, na'ura za ta ce ba ta ga komai ba, sama da ƙasa. Ashe wanda babu komai ka kwafa a kan mai kaya. Baba zai jawo kujera, ya goge tabarau, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yanzu ta zama biyu ke nan. Kunna min ita in ji."

Hattara
Ni dai iri ɗaya na ce za su zama, ban faɗi abin da zai kasance a ciki ba. Babu ruwana da kukan matarka, ko sunan Injiniya da ya bi ruwa. Mataki na bakwai kuwa ba ni da shi. Kai ke riƙe da sukundireba, Baba kuma ya riga ya ƙara sautin sifika.