Tokar Kaka Zorka a Bakin Salansa

"Ka iso lafiya, mijina na banza? Na ce ka zo da safe, ka zo da rana kamar mai cin biki."

"Lafiya lau, tsohuwa. Daga ƙasan tudu na jiyo motarki tana tari, na ɗauka ke ce."

Vukan, jikan Zorka, bakanike ne a birni. Motar ta marigayi mijinta ce, ta girmi uwar Vukan, kuma tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa sitiyarin sai ita. Gobe ranar waliyyin gidansu, dole burodin bikin ya isa cocin kan tudu Fada ya sa masa albarka. Ga shi hayaƙi na cika motar har idonta na ruwa.

Ya ɗaga bonet, ya leƙa inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Gyara ne."

"Gini ne dai! Wa ya yaɓe miki?"

"Ni. Toka da gishiri da ɗan ruwa. Haka nake toshe tsagar murhuna kowane hunturu, bai taɓa kai ƙarata ba."

"Murhunki yana hawa tudu?"

"Kai ma ba ka hawa, sai an turo ka."

Tokar ta gasu ta zama dutse, ta binne notocin. Ya ɗauko guduma da kurfi. Duk bugu ɗaya sai Zorka ta motsa leɓe tana addu'a.

"A hankali, marar imani! Kakanka da tafin hannu yake lallaɓa ta."

"Shi ya sa ya riga ta tafiya. Ke da ita kuka haɗu kuka gama da shi."

"Bakinka ya karkace! Da ka gan ni da ƙuruciya, da ka sayar da garejin nan naka ka biyo ni."

"Da na saya miki haƙora."

Noti na ƙarshe ya yi ƙara, ya juya. Ya zaro tsohon gasket, faifan da ke toshe mahaɗar bututun da inji, ƙonanne, ya nuna mata ɓular, ya sa sabo ya ɗaure.

"Tayar."

Ta murɗa makulli. Injin ya kama sumul, ba tari. Ta shaƙi iska ta sake shaƙa, tana neman abin kushewa, ba ta samu ba. Sai ta tuntsire da dariya.

"To, angona, na yarda. Gobe kai za ka tuƙa, ni in rungumi burodi."

Ya karɓi makullin da hannu biyu, ya juya shi.

"Kaka, alfarma ɗaya. In birki ya lalace, ki kira ni kafin ki kwashe murhu."