Baƙin da Suka Cika Kwamfutar Kuluwa

A wani daji da ke bakin babban kogi, an yi wata tsohuwar Bushiya mai suna Kuluwa, wadda ba ta iya ce wa baƙo a'a. Dabbobi suna kiran wannan kirki. Rabinsa kirki ne, rabinsa tsoron bakin duniya.

Da 'yarta Ladidi za ta tare a gidan miji a hayin kogi, sai ta bar mata kwamfuta mai caji da hasken rana, don su riƙa ganin juna in damina ta hana tsallakawa. Kwamfutocin wannan daji kuwa ƙwari ne ke aiki a cikinsu. Tururuwa ke ɗauko hoto da murya ta wata siririyar hanya, su kawo kan gilashi. Kowace manhaja aka saka, da ƙwaronta take zuwa, ya yi sallama ya ce, "Kin yarda in zauna?" Kuluwa ba ta taɓa danna komai ba sai "Na yarda."

Ana nan Ladidi ta haihu, kogi kuma ya cika ya tumbatsa. Ta kira uwarta, hoto ya daskare da bakinta a buɗe. Ta sake kira, murya ta riƙa zuwa guntu-guntu har ta ɗauke. Washegari Balbela ta sauka a ƙofar Kuluwa da saƙo.

"Ladidi ta ce in kin gaji da ita ki faɗa mata. Dangin mijinta suna cewa da gangan kike katse kiran. Ranar suna za ta sake gwadawa a gabansu. In ya katse, ta ce ba za ta ƙara ba."

Kuluwa ta dunƙule cikin ƙayarta ta yi kuka. Ranar suna da safe ta aika aka kira Bawa, Gafiya mai gyara. Ya kwance bayan kwamfutar, ya leƙa, ya ja da baya.

"Gwaggo, wannan ai tashar mota ce. Wa ya tara miki wannan jama'a?"

"Baƙi ne, ɗan nan. Sallama suka yi."

"Da kin kunna, duk sai su fito su tsaya kan hanya, kowa wai yana bakin aiki. Ta ina tururuwa za su bi da fuskar Ladidi? Ki ba ni izini in share su."

"Ka kori baƙo daga gidana? A ce me a dajin nan?"

Ƙwarin sun ji. Nan take suka kira taron gaggawa, a tsakiyar hanyar tururuwa, don nan ne ya fi fili.

Gyare ya fara miƙewa. "Uwar ɗakinmu, ni ne mai sanarwa. Ni ke gaya miki farashin gujiya a dazuzzukan da ba ki taɓa zuwa ba. Ni ke sanar da ke za a yi ruwa, ko da kina tsaye cikinsa. In na yi shiru, wa zai gaya miki akwai sabuwar sanarwa?"

Tautau ya sauko ta zarensa. "Ni ke duba ko an fito da sabon salon manhajata. Ina zuwa bakin ƙofa in leƙa, in dawo, in sake komawa. Gaskiya ba a cika samun sabon abu ba. Amma ranar da aka samu, ku tuna wanda bai taɓa zama ba."

Sai wani tsohon Kyankyaso ya ja jiki ya fito, gashin bakinsa na rawa. "Hajiya, tare da injin buga takarda na zo gidan nan."

"Injin da ruwa ya tafi da shi bara waccan?" in ji Bawa.

"Shi. Ba wanda ya ce min in daina jiransa. Kullum ina tashi in kira sunansa, in tsaya ko zai amsa. In kun kore ni, ina zan nufa? Ban iya wani aikin ba."

Wannan magana ta soki Kuluwa. Ta san zaman jiran wanda ba ya amsawa.

Taro ya yanke shawara cewa lallai kwamfuta ta yi nauyi, kuma laifin tururuwa ne da ba su da sauri. Aka kafa kwamitin binciken nauyi, aka ce ya riƙa zama da zarar an kunna. Tautau ya zama shugaba.

Rana ta yi sama. Daga hayi ana jiyo kiɗan suna sama-sama. Bawa ya ɗaga tsintsiyarsa ya dubi Kuluwa. Ta dubi tsintsiyar, ta dubi Kyankyaso. Sannan ta kai bakinta kusa da kwamfutar.

"Bayin Allah, na ji bayaninku, kuma na ji kunya. Manya irinku na bari kuna tsayuwa a hanya kamar 'yan aike. Daga yau na naɗa ku manyan mashawartan gidan nan. Mashawarci ba ya fitowa don an kunna fitila. Yana ɗakinsa a kishingiɗe, sai an aika an kira shi da sunansa. Wanda na gani a hanya ban kira shi ba, ya zubar da girmansa da kansa."

Ƙwarin suka dubi juna. Gyare ya ce, "Akwai rawani?"

"Akwai. Bawa zai yanko muku furen auduga."

Suka yi ta yi wa juna barka. Tautau ya ce dama ya daɗe yana ganin aikin leƙe ya yi masa ƙanƙanta. Bawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rufe ƙofofi, yana dariya ƙasa-ƙasa. Da ya kai wani lungu, Kuluwa ta nuna wata Kunama da ba ta halarci taron ba.

"Waccan mai mugun kallon fa?"

"Bar ta, Gwaggo. Ita ke gadin ƙofa saboda ɓarayi. Wanda ba ki san aikinsa ba, ki tambaya kafin ki kwantar da shi."

Kyankyaso ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ɗakinsa ya ce, "In injin ya dawo, za a tashe ni?"

"Ni da kaina zan tashe ka, Baba," in ji Kuluwa.

Bawa bai gama ɗaure bayan kwamfutar ba kira ya shigo. Tururuwa suka sami hanya fayau. Ga Ladidi nan, fuska a ɗaure, surukanta sun yi cincirindo a bayanta suna jiran hoto ya daskare. Bai daskare ba.

"Inna, kina jina?"

"Ina jin ki, marar kunya. Ni zan gaji da ke? Ɗago min jikar tawa in gani."

Ladidi ta ɗago jaririya, ƙayarta ko tauri ba ta yi ba. Kuluwa ta yi mata addu'a mai tsawo, ta haɗa da uban, ta haɗa da surukan ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka zo kallon katsewa suka gaji da cewa amin. Ladidi tana dariya tana share hawaye.

Manyan mashawartan kuwa suna ɗakunansu da rawunansu, suna jiran kira. Har yau gidan bai rasa komai ba, kuma saboda ladabi ba wanda ya gaya musu.