Ranar da Na Ƙona Karatun Hindatu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na zuba karatun ƙanwata a murhu. Amma bari in fara gyara maganar da ta zaga unguwarmu har ta kai bakin gada, wai hassada ce ta sa ni, don Hindatu ta shiga jami'a ni kuwa bak, jarrabawar gama sakandare, ta kayar da ni. Ƙarya ne. Zargi ne ya ci ni, kuma a ganina ceton yarinyar nake yi.

Hindatu shari'a take karantawa a Parakou. A shekarar farko ta faɗi darasi biyu, aka ce ta koma watan tara ta sake zaman jarrabawarsu. Baba, da ba ya son doguwar magana, ya ce in ta ci ta ci gaba, in ta faɗi ta dawo mu riƙe rumfar atamfa tare. Ni na san zafin rumfar nan, ba na yi wa kowa fatanta.

Da ta zo hutu sai na ga abin da ban gane ba. Mu a lakkwal, wato makaranta, karatu shi ne ka buɗe kaye, littafin rubutunka, ka yi ta maimaitawa kana rangaji har ya zauna. Ita kuwa rufe kayen take yi, ta juya tana yi wa bango bayani. Sannan ta bi ta tattara kwalayen sukari da na shayi a shagon maƙwabcinmu, ta yayyanka su ƙanana kamar tafin hannun jariri, tana rubutu gaba da baya, tana jefawa cikin gwangwanayen madara guda uku. Talata da Asabar da la'asar ta hau zem, babur ɗin haya, ta ɓace, in ka kira wayarta a kashe. Da na matsa mata sai ta ce wata Madam Safura ce, wadda ta gama jami'a, take zuwa daga Guéné tana nuna wa ɗalibai yadda ake karatu.

Yadda ake karatu? Mutumin da ya kai jami'a ne za a koya wa karatu? Kuma wai don Allah take yi. Nan na fara jin ƙauri. Ƙananan takardu dai na san aikinsu. (Kada ku tambaye ni yadda aka yi na sani, za mu zo wurin.)

Ran Talata na bar wa Inna rumfa na bi ta a baya, har wata rumfar zana bayan ma'ajiyar albasa. Na leƙa ta kafa, idona na hawaye don yajin albasa. Abin da na gani ya cika min lissafi. Da farko an zagaya da kwando kowa ya jefa wayarsa, wato kada a ɗauki shaida. Sannan suka zauna bibbiyu, wannan ya zaro takarda, wancan ya yi magana, a juya bayanta da sauri, a ajiye. Madam na tsaye da agogo a hannu. Na ce lalle, har saurin zarowa da ɓoyewa ake auna musu. In aka kama Hindatu da wannan, ai ba faɗuwa ba ce, kora ce, kuma sunan gidanmu ne zai biya.

Mai hankali da sai ya tambaye ta. Ni ban da wannan haƙurin. Ran Asabar ta raka Inna gidan suna, na juye gwangwanayen uku ƙarƙashin tukunyar shinkafa, na ware guda biyar don shaida. Har da addu'a na yi da suka kama wuta.

La'asar na riga ta zuwa. Na ɗaga zana na shiga ba sallama, ɗalibai kusan goma sha biyu suka ɗago. Na faɗa wa Madam cewa na gane sana'arta, ta ji tsoron Allah ta bar lalata ɗiyan mutane, in ba haka ba jandarma ne za su raba mu. Na watsa mata takardun biyar a kan tabur kamar wata 'yar duwan, kwastan ɗin kan iyaka, da ta kama kaya.

Matar nan ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, ƙanwata. Ɗauki guda ki karanta muna abin da ke gaba."

Na karanta da ƙarfi, tambaya ce kan sharuɗɗan kwantaragi. Ta nuna wata siririyar yarinya a kusurwa. Yarinyar ta rufe ido ta jero amsa, ni ina bin bayan takardar da ido, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na ɗauki ta biyu, wani ya amsa. A ta uku muryata ta fara sirancewa.

Sai Madam ta yi min bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Takardun ba sa shiga ɗakin jarrabawa, aikinsu su shiga kai. Wadda ka kasa tana gwangwanin farko, kullum sai ka tambayi kanka ita. In ka ci ta koma na biyu, sai bayan kwana uku. In ka sake ci ta koma na uku, mako-mako. Kwandon waya don kada hankali ya rabu. Agogo kuwa don a yi aiki a huta, a sake yi.

Ina neman ƙofa da ido sai ga Hindatu tana haki. Ta ce, "Yaya, ke ce nan? Ko kin ga takarduna? Gwangwanayen wayam."

Na ce suna ƙarƙashin shinkafar da ta ci da rana. Aikin mako biyar ke nan, kuma saura kwana ashirin ta tafi. Ba ta yi ihu ba, zama kawai ta yi a benci ta riƙe kai. Da ta mare ni da na fi jin daɗi.

Kamar bai isa ba, wani dogo a baya, Mamman Sani, wanda muka yi aji ɗaya a lise, babbar sakandare, ya gyara murya ya ce, "Madam, a yi mata uzuri. Ita ƙananan takardu hanya ɗaya ta san su. Ita ce aka zazzage wa hijabi ranar jarrabawar tarihi, suka zubo kamar fara."

Dariyar da aka yi har masu ɗinkin buhun albasa suka leƙo. Na tsaya kamar an dasa ni. Gaskiya ya faɗa, ɓarawo na gani a madubi na zo kamawa.

Madam ta tsawatar, ta ce wa Hindatu sake rubuta su daga ka shi ma karatu ne, abin da ta kasa tunawa shi ne dama bai zauna ba. Sannan ta dube ni ta ce sun daɗe suna neman wanda bai san komai ba a shari'a, wanda za a riƙa yi wa bayani har ya gane, tun da bango ba ya tambaya. Aka ba ni kujera a tsakiya. Ban taɓa samun muƙamin da ya dace da ni haka ba.

Kwana ashirin ina yankan kwali a rumfa, ina yi wa Hindatu tambaya tsakanin mai saye da mai saye, ita kuwa kwana huɗun farko amsa kawai take ba ni, ban da gaisuwa. Ta ci darussan duka biyun, ɗaya da ƙyar, kuma har yau in an taɓo ƙyar ɗin nan ni take kallo.

Abin da na koya shi ne, in na ga abu ban gane ba, in tambaya tukuna, murhu ba ya gudu. Gwangwanayen uku ta bar min su. Na wanke su, na yanka kwalina, kuma Litinin zan je in rubuta sunana a masu zaman bak daga gida. Wannan karon, a bakin ƙofa zan zazzage hijabina da kaina.