Rasuwar Rumman ɗin Gidan Baba Khalifa

Da zuciya mai nauyi, Malama Asma'u ta gidan Baba Khalifa, Ƙofar Wambai, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar bishiyar rumman ɗin tsakar gidansu. Ta cika ranar Talata, a cikin rabin duron da ta yi rayuwarta.

Marigayiyar 'yar asali ce. Kakan Asma'u ne ya zo da irinta daga Gadamus ta ƙasar Libiya cikin kayan fatauci. Ba ta taɓa neman komai ba sai ragowar ruwan alwala da ɗan kashin awaki. In iska ta taso, shuu kawai za ka ji ta yi, ta koma shiru.

Tun zamanin soja ta daina haihuwa. Bana, da mulki ya dawo hannun farar hula, sai ga ta da fure ja wur. Baba Khalifa, mahaifin Asma'u, wanda idonsa ya tafi, ciwo kuma ya hana shi cin abinci, ya ce rumman ɗinsa kaɗai yake marmari. Da Asma'u ta ga furen yana zubewa, hankalinta ya tashi. Akwai ƙullin takin zamani da masu neman ƙuri'a suka raba a unguwa, fari kamar sukari. Ta juye shi duka a gindin bishiyar, ta karɓo na maƙwabciyarta Hassana ta ƙara. Ba ta san abin da gona za ta shanye, duro ba zai iya ɗauka ba. Bakin ganye ya ƙone, sannan rassa suka bi. Ta yi ta kwarara ruwa, ta kwashe ƙasar da hannunta tana kuka, amma ina.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'ya'ya uku da ba su kai girman goro ba, da Baba, wanda har yanzu ba a faɗa masa ba. Kullum da safe sai ya tambaya, "Asma'u, sun fara ja?" Ita kuma ta ce, "Saura kaɗan, Baba."

Za a fitar da gawar a baro gobe bayan azahar, lokacin da Baba yake barci, a bi da ita ta Ƙofar Mazugal. Masu ta'aziyya su sassauta murya tun daga zaure. Duk wanda ya taɓa karɓar reshe a gidan nan, reshen kuma ya kama a wurinsa, don Allah ya kawo rumman ko da guda ɗaya ne. Kada a sayo na kasuwa. Baba ya san ɗanɗanon nasa.