Tabo a Rigar Bushiya

A wani daji mai yawan tarko da ƙaya, dabbobi suka kafa asibiti a gindin tsamiya. Bushiya tana cikin masu jinya, kuma ta daɗe har ta ga shugabanni biyu.

Ta farko Jimina ce, uwar masifa. In ta buɗe baki, har mai zazzaɓi sai ya gyara kwanciya. Amma fa in an kawo mai rauni, ita ke fara durƙusawa, tana ɗauri tana faɗa. Masu jinya suka gaji da tsawa, suka kai ƙara majalisar daji, Bushiya ce ma a kan gaba. Aka cire Jimina, aka kawo Belbela.

Belbela ba ta taɓa ɗaga murya ba, kowa 'yar uwarta ce. Abu ɗaya take dubawa a zagayen safe, wato farin rigar aiki. Wadda aka ga tabo a jikinta, sai a yi mata murmushi a sauya mata wuri. Ba a jima ba masu jinya suka gane karatun, suka koyi duba mara lafiya daga nesa.

Wata safiya, ana gab da zagaye, aka shigo da Gada, tarko ya datse mata ƙafa, jini na tsartuwa. Nan take Zabuwa, abokiyar aikin Bushiya, ta tuna tana da uzuri a bayan tsamiya. Bushiya ta dubi rigarta, ta dubi Gada, ga shi kuma tana son aikin nan kamar ranta. Sai ta durƙusa ta danne raunin har jinin ya tsaya.

A haka Belbela ta same ta. Ta ja ta tsaya can gefe.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar uwata. Ni ban ga laifinki ba. Sai dai baƙi na zuwa, kuma riga suke fara kallo. In kowa ya yi yadda kika yi, wa zai yarda muna da tsabta? Na ga ma kin gaji. Ki koma wajen wanki ki huta."

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, da na jira, da ta mutu."

"Allah ya kiyaye. Ai shi ya sa nake yaba miki."

Bushiya ta kama hanyar rafi, wajen wanki. Da tsawa aka yi mata, da ta san inda za ta kai kuka, amma wa zai saurari wadda aka yaba wa? Ranar ta yi kewar Jimina, kewar da ta zo mata da kunya.

Gada ta warke, sai ɗan ɗingishi. Bushiya kuwa tana bakin rafi har yau, kuma aikin ba shi da nauyi. Rigunan da ake kawo mata daga asibiti, ninkewa kawai take yi ta mayar.