Ranar da aka zana akurkin kajina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗaliban jami'a suka zo zana gidana ba, kuma ko na so in manta, Maman Bulus maƙwabciyata ba za ta bari ba. (Jikata Rahila ce ke rubuta wannan, ni ban yi boko ba. Na gargaɗe ta, in ta gyara min magana ko ɗaya zan sa wani ya karanta min, ta kuma san sauran.)

Gidanmu yana Unguwar Gabas, cikin Sabon Gari. Marigayi maigidana ne ya gaje shi wurin babansa, dukansu ma'aikatan jirgin ƙasa ne. Tsohon gini ne mai baranda da ginshiƙai, da tagogin katako, da kwanon rufin da tsatsa ta mayar ja. Bangon ya tsage ta gefen ƙofa, gindinsa ya yi kore saboda damina. Shekara da shekaru ina jingina tabarma kan tsagar nan don kada mai wucewa ya gani. Ni dai ba na son raini.

Rahila tana karatun zane a jami'a, can Samaru. Tun farko ban so ba. 'Ya'yan mutane na karatun likita, tawa ta zaɓi wasa da ruwa. Wasa da ruwa mana! Wani ɗan gwangwani gare ta mai ƙananan kaloli kamar dunƙulen magi, da buroshi kamar jelar ɓera, da kofi. Sai ta zauna gindin dalbejiyar tsallaken hanya tana fuskantar gidan, ta tsoma, ta shafa, ta jira ya bushe. In ka leƙa, abu ne dishi-dishi kamar atamfar da ta sha wanki, wani wurin ma ta bar takardar fara tas.

Na ce, "Fentin ne ya ƙare, ko rowa kike yi?"

Ta ce, "Kaka, nan wurin haske ne."

Haske! To, madalla.

Wata Lahadi, mun taso daga coci ke nan, ta ce, "Kaka, malaminmu ya ga zanen gidan nan da na fara, ya ce irinsa sun kusa ƙarewa a Sabon Gari. Zai kawo 'yan ajinmu su zana. Ni kuma shi ne aikina na fita, a kansa za a ba ni maki." Ta ɗauki jakarta ta koma makaranta da murnarta.

Ni kuwa na fito na tsaya ina kallon bangon. Baƙi za su zo su ƙura wa gidana ido, su sa shi a takarda, a kai Samaru a rataye duniya ta gani? Ana haka Maman Bulus, wadda ɗanta ya liƙa mata tayil har bangon waje, ta leƙo ta katanga: "Maman Yohanna, ashe gidanki ya zama na tarihi? Ki ce su fito da tsagar nan da kyau, kada su manta tsatsar."

Nan jinina ya hau. Mu dai yadda aka tashe mu, in baƙo zai zo share gida ake yi, a shafe ɗaki, a fito da kwanukan ajiya. Na sayar da akuyata da 'ya'yanta, na hau a-daidaita-sahu zuwa shagunan PZ, na sayo siminti da fenti shuɗi mai ƙyalli, irin wanda ake hangowa tun daga bakin titi. Na kira Isuhu magini. Ya toshe tsaga, ya yaɓe gaban gidan sumul, ya cire tagogin katako ya sa na gilashi masu zamewa, ya canza kwanon baranda. Siminti bai kai bangon baya ba, na ce a bar shi, wa zai je can? Ya ce, "Mama, tarkacen fa?" Na ce ya jibge su ta baya wajen kaji, taga ɗaya kuma ya mayar min da ita ƙofar akurki. Ban gaya wa Rahila ba, so nake in ba ta mamaki. (Na kuwa ba ta.)

Ranar da za su zo na dama kunun zaƙi, na soya cincin, na sa leshina na Kirsimeti, na kafa ɗauri, na hakimce kan kujera a baranda. Bas ta tsaya, yara suka yi ta sauka da alluna. Rahila ce a gaba. Ta dubi dama, ta dubi hagu, kamar wadda ta yi ɓatan kai. Malamin nasu, wani dogo mai furfura, ya ce, "Rahila, ina gidan?" Ta ɗaga hannu ta nuna ni. Wani mai gashi kamar sheƙar tsuntsu ya ce, "Sa, wannan ai kemis ne." Aka tuntsire da dariya, ita kuma ta fashe da kuka.

"Kaka, me kika yi? Ko rabin aikin ban kai ba! Me zan kalla in ƙarasa?"

Na miƙe. "Me na yi? Asiri na rufa miki, ke marar godiya! Akuyata sukutum ta tafi saboda ke!" Na juya kan malamin. "Kai kuma, Malam, da girmanka da furfurarka, ka rasa abin koya wa yara sai kallon tsagar bangon gwauruwa?"

Ya rusuna ya ce, "Mama, a yi haƙuri. Ba tsaga muka zo gani ba, shekarun da ke jikin bangon muka zo gani."

Na ce, "Shekaru ai ga su nan a jikina, ku zana ni mana!"

Da a nan abin ya tsaya da na ce na ci riba. Sai wata yarinya ta ce tana son ruwan tsoma buroshi. Cikin fushi na ce ta zagaya baya akwai rijiya. Ko guga ba ta jefa ba muka ji ihunta: "Sa! Sa! Ku zo ku gani!"

Ajin gaba ɗaya ya kwasa. Ina biye ina "Kai! Ba nan ba ne! Ku dawo!" amma ina. Na tarar sun baje a ƙasa sun fara tsoma buroshi. Ga tsohon bango da korensa, ga tsatsattsen kwano a jibge, ga tagata a bakin akurki kaza na leƙowa ta ciki. Ga kuma igiyar shanya, da jan zanena na aikin gida mai faci uku, da wani abin a gefensa wanda ba zan faɗi sunansa ba. Na zabura zan kwashe, Malam ya ce, "Mama, don Allah bar zanen, jan nan shi ya ta da wurin." Ɗayan dai na fizge shi na cusa ƙarƙashin leshi, a gaban samari, ba wanda bai gani ba. Ina ɗaga kai sai ga Maman Bulus kan katanga, hawaye na zuba don dariya: "Malam, in kawo nawa kajin a haɗa?"

Haka na wuni tsaye da butar kunu, ina gadin gaban gidan da ko kare bai kalla ba.

Rahila ta ɗauke min ƙafa har aka daɗe, ko coci ta koma zuwa na Samaru. Daga baya na ji malamin ya yarda ta haɗa zane-zanen da ta fara da na bayan gidan. Da za a baje kolin zanen nasu ta aiko in je. Na je, amma da niyyar faɗa na je.

Ina shiga ɗakin, bango guda duk hotunan akurkina ne. Manyan mutane da tabarau sun goya hannu a baya suna gyaɗa wa kajina kai. Na yi tsaki na wuce. Akwai na wata tsohuwar ƙofar birni, akwai na dutsen Kufena bayan an ɗauke ruwa. (Wannan kam, gaskiya, sai da na taɓa shi da yatsa in ji ko ya bushe, wata ta ce ba a taɓawa, na harare ta.)

Can ƙarshe na iske na Rahila. Gaban gidana ne na da, da la'asar. Farin wurin nan da na ce rowa ce, ashe rana ce ta faɗo kan ginshiƙi, daidai yadda take faɗowa in zan fito da tabarma. Koren gindin bango ta bar shi ya zurara da kansa. Sai idona ya kai gefen ƙofa, na ga wani ɗan baƙin karce. Nan ne kan keken maigidana ke gogar bango kullum in ya dawo aiki ya jingina shi. Ni da bakina na ce Isuhu ya shafe wurin sumul.

Na tsaya ina neman wanda zan zaga. Na fara da Isuhu, na koma kan Maman Bulus, na taɓa malamin. Da suka ƙare ban ga saura ba sai mai leshin Kirsimeti. Wani mai kwat ya matso yana tambayar Rahila ko na sayarwa ne. Na ce, "Ɗan nan, matsa. Akwai akurki can da yawa, zaɓi ɗaya."

Rahila ta ci jarrabawarta. Zanen yana ɗakina, sama da gado, kuma ba mai taɓa shi. Shuɗin fentin ya fara ɓarewa tun daminar farko, ta ce in bar shi, wai nan gaba zai yi kyau. Abin da na koya dai shi ne, in ɗan boko ya ce zai zo ganin kayanki, ki tambaye shi wanne daga ciki kafin ki sayar da akuya. Kuma ko me ya ce, ki fara kwashe shanya.